Ingilishi ta Cikin Tiyon Mota

Ku malaman yanzu, in aka ba ɗayanku ajin bita sai ya yi murna, ya ce an ba shi hutu. Da kunnena na ji wani cikinku yana cewa ai waɗanda suka riga suka iya Ingilishi ba su da wuya, tuna musu kawai ake yi. Na yi shiru don a gidan suna muke, amma maganar ta tsaya mini a rai. Tunda kun ce in ba ku labarin yadda muka yi aikin nan a Agadas farkon samun mulkin kai, to ku gyara zama. Ba zan rage muku komai ba, har wautar da na tafka.

Mai fara koyo daɗin sha'ani gare shi. Bai san komai ba, ya kuma san bai sani ba, duk abin da ka miƙa masa da hannu biyu yake karɓa. Wanda ya yi nisa shi ne aiki. Yana karanta jarida, yana rubuta wasiƙa, yana hira da baƙo har a yi dariya, amma a bakinsa akwai kurakuran da suka shekara goma suna zaune, sun zama 'yan gida. Ka gyara masa yau ya ce ya gane, kuma da gaske ya gane, jibi ka ji abin ya dawo mazauninsa. Aikin kamar yaɓen ginin ƙasa yake. Gidan na tsaye, amma sai ka bi shi da hannu kana neman tsaga kana cikewa.

Ni a Kumasi ta ƙasar Gwalkwas, Gana ta yanzu, na koyi sana'ar. Ina gama lakwal, wato makarantar boko, mahaifina ya tura ni wurin ƙanensa mai cinikin goro a zango, na shekara goma sha huɗu a can. Da na fara jin harshen sai na faɗa hannun wani tsoho, Tica Mensa, mai koyar da akawuna da masu shirin jarrabawa a barandar gidansa. Mutum ne mai ƙarancin fara'a, yabo kuwa ban san ko ya taɓa yi wa matarsa ba. Shekara biyu bai bar ni na riƙe alli ba. Aikina in zauna a baya da kaye, wato littafin rubutu, in rubuta duk kuskuren da na ji ya fito daga bakin ɗalibi. Ranar farko na cika shafi uku, na kai masa ina jiran sannu. Ya duba ya yage, ya ce na tara masa shara. Ya ce akwai kuskuren tuntuɓe, wanda mutum ya yi don sauri ko gajiya, shi ba a kula shi. Akwai kuma kuskuren zama, wanda zai sake yi gobe da gata a wuri ɗaya. Sai ranar da na iya raba su biyun zan zama malami. Ya kuma hana ni katse mutum a tsakiyar magana, ko da kuwa maganar ta karkace kamar ƙafar raƙumi.

Kayan aikin da na dawo da su Agadas ba su cika akwatin ƙarfe ɗaya ba. Akwai ƙamus mai kauri wanda bangonsa ya tafi tun a hanya, wani baduku a kasuwa ya ɗinka masa riga da jar fata. Akwai littafin nahawu guda, da jan fensir, da rediyo mai cin batir kamar jaki da dusa. Abin karantawa kuwa, tsofaffin jaridun da 'yan koli ke naɗo kayansu a ciki daga Kano nake bi rumfa-rumfa ina roƙa, in kawo gida in miƙar da su ƙarƙashin tabarma. Sau da yawa labari na kai tsakiya sai ka tarar an yage sauran an ƙunsa allura. Na mai da wannan ma aiki, sai in ce ɗalibi ya ƙarasa labarin da bakinsa.

Amma babban makamina katuna ne. Kwalin sukari da na shayi nake yankawa daidai tafin hannu. In mutum ya yi kuskuren zama sai in rubuta maganar yadda ya faɗe ta a gaba, gyararriyar a baya. Kowane ɗalibi da ɗaurinsa, an ɗaure da tsirkiyar fata. Kati ba ya fita daga ɗauri don mutum ya amsa daidai lokacin da na tambaye shi. Sai na ji ya faɗi abin daidai cikin hira, bai san ina saurare ba, mako uku a jere. Ranar sai in zare katin in yaga a gabansa. Na ga manyan mutane masu gemu suna murmushi don an yaga musu ɗan kwali.

Da safe ina koyar da yara a kolej, bayan la'asar kuma manya su zo, a wani ɗakin ajiya da aka ara mana bayan lakwal. Iri biyu ne. Akwai 'yan biro, ma'aikatan gidan waya da na duwan, wato kwastan, waɗanda Faransanci ke yi wa jagora. Su matsalarsu kalmomin nan masu kama da na Faransanci a ido alhali ma'ana ta sha bamban, sai mutum ya ɗauko kalma da ƙarfin zuciya ya faɗi abin da bai nufa ba. Akwai kuma 'yan hanya, direbobi da masu jagorar baƙi cikin hamadar Tenere, waɗanda suka tsinci harshen a tasha. Su bakinsu gudu yake, amma jiya da yau da gobe duk a kwano ɗaya suke zubawa. Inda suka haɗu duka kuwa wuri uku ne: aikatau masu taurin kai da ba sa bin ƙa'ida in an mai da su baya, da bambancin abin da ya wuce ya ƙare da wanda ya wuce amma yana tafe har yanzu, da ƙananan kalmomin nan da ake liƙa wa aikatau su juya masa ma'ana gaba ɗaya. A nan na ƙarar da ƙuruciyata.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji. Cikin 'yan biro akwai Silimanu, ma'aikacin duba yanayi a filin jirgi. Aikinsa ya saki balan-balan sama, ya auna iska, ya rubuta a kaye ya kai wa Nasara. Mutum ne siriri, mai sanyin murya, mai mata da 'ya'ya biyu. Ya yi Ingilishi a kolej, ya kuma ci gaba da kansa, har rubutunsa ya fi na kowa a ajin tsabta. A shekarun nan Nasaran da ke magana da jirage ta rediyo suna ta komawa gida ɗaya bayan ɗaya, sai aka sa konkur, wato jarrabawar gasa, a Yamai don a zaɓi 'yan ƙasa a horar da su. Akwai jarrabawar rubutu, akwai ta baki, kuma dole da Ingilishi, don ba duk matuƙin da ke ratsa samanmu ke jin Faransanci ba. An kuma sa iyakar shekaru. Silimanu yana bakin iyakar. In ya faɗi a wannan karo, shi da balan-balan har ritaya. Shugaban sarwisinsu, wato ma'aikatarsu, ya ce ba zai sa sunansa ba sai na rubuto masa cewa bakinsa ya nuna.

Ban yi shakka ba lokacin. Ɗaurinsa ya ragu har ya koma 'yan katuna, yana magana a hankali amma daidai. Sai ga muguwar shekara.

Ku kun san garin nan, a shekara ana roƙon ruwa, ran da ya zo kuma ya zo da fushi. A daminar nan aka yi wani ruwa da rana tsaka, ƙoramar Telwa ta cika ta tumbatsa, gidaje suka yi ta zubewa. Rufin ɗakinmu ya rufta kan akwatina. Da muka tono shi, jaridu sun zama kunu, littafin nahawu ya kumbura ya manne, tawadar katuna ta wanke tas. Aikin shekara uku ke nan. Ƙamus kaɗai ya tsira saboda rigar fatar nan. Na zauna kan tarin ƙasa na rasa abin da ke mini daɗi. Hanyar Damagaram ta yanke, ba littafi mai zuwa, ba batir. Na sake yanka kwali na rubuta abin da na iya tunawa na kowa, amma wurin zama ya gagara, don duk mai ɗaki a tsaye ya cika shi da 'yan'uwan da nasu ya faɗi.

A nan Alhaji Attahir ya shigo labarin. Mai kamyo biyu ne, manyan motocin kaya da ke bin hanyar Damagaram zuwa Kano, ya yi tuƙi a Jos da ƙuruciya, can ya tsinci Ingilishinsa. Ƙato ne, mai murya kamar ana buga ganga, mai kyauta. Ya aiko aka kira ni, ya ce ga zaurensa, ga tabarmi, ga shayi, sharaɗinsa ɗaya, a bar shi ya zauna a ajin ya wanke nasa harshen da ya yi tsatsa. Na yi murna ƙwarai. Na ce a raina ga abin da Silimanu ke bukata ya zo har gida, mutum mai magana da sauri, mai karyayyen harshe irin wanda zai riƙa ji ta rediyo.

Tun ranar farko a zauren nan Silimanu ya zama wani mutum. Ya zauna can bakin ƙofa wajen takalma, kansa a ƙasa. In na tambaye shi sai ya amsa da kalma ɗaya, ita ma sai na kasa kunne. Na ce ko ruwan nan ya yi masa ɓarna a gida ne. Da mako ya zagayo abin bai sake ba, sai na yi abin da Tica Mensa ya koya mini, na haɗa mai gudu da mai tsabta. Na zaunar da shi gaban Alhaji, gwiwa da gwiwa. Na ce Alhaji ya ba da labarin tafiya, Silimanu ya saurara, in ya gama ya gyara masa.

Alhaji ya zuba labarin yadda kamyonsa ya kafe a yashi kusa da Tanut, jiya da gobe duk a cakuɗe. Na juya ga Silimanu. Ya ce bai ji kuskure ba. Na ce to ya maimaita labarin. Sai ya maimaita shi da kurakuran Alhaji ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba, har waɗanda na yaga masa katinsu tun bara. Na rubuta sababbin katuna. Washegari haka, gata haka. Ɗaurin da ya kusa ƙarewa ya koma ya fi na kowa kauri. Sauran ɗalibai kuwa sai kallon ƙasa suke yi, ni kuma na ɗauka tausayinsa suke ji.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. A gaban kowa na ce masa Ingilishinsa na takarda ne, kuma jirgi ba ya karanta kaye. Na ce mutumin da ba zai iya buɗe baki gaban mutum shida ba, ina zai iya da matuƙi a sama? Har yau in na tuna maganar nan sai na ji kunya ta rufe ni. Na koma gida na rubuta wa shugabansu cewa Silimanu bai shirya ba, kada a wahalar da shi zuwa Yamai. Na sa takardar a aljihu da niyyar in kai ta da safe.

Allah ya sa ranar a gidan yayata Mariyama zan ci tuwo. Ina ci ina mita, ina ba ta labarin ɗalibin da ya lalace mini a hannu. Ta tambaye ni wane Silimanu, na filin jirgi, mijin Zainabu? Na ce shi. Ta ce a ina muke karatun yanzu? Na ce zauren Alhaji Attahir. Sai ta aje ludayi ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Kai Mamman, Gwalkwas ta cinye maka hankali. Da uban Zainabu ya rasu, wa ya ɗauke ta ya riƙe? Wa ya ba da aurenta?"

Na ce ban sani ba, ina Kumasi lokacin.

"To Alhaji Attahir ne, wan ubanta. Ka kai mutum zauren surukinai, ka zaunar da su gwiwa da gwiwa, ka ce ya dube shi ya ce mishi ya yi kuskure? Mi kake so ya yi? Ai ko da Alhaji ya ce rana daga yamma take hitowa, sai ya ce haka ne."

Duk ajin sun sani, ni kaɗai ne baƙo a garinmu. Ba wanda ya gaya mini, don a ganinsu ba abin faɗa ba ne, wa zai zauna a Agadas bai san wannan ba? Abin da na rubuta a kati da sunan kuskure, ladabi ne. Mutumin ya fi son ya faɗi konkur da ya nuna ya fi surukinsa iya magana a cikin zaurensa. Na fito da takardar nan na jefa a murhun Yaya.

Sanin ciwo bai zama magani ba. Saura mako biyar. Na sami Silimanu a filin jirgi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Mushe, don haka suke kiran malamin boko da Faransanci. Na ce to ya daina zuwa zauren, in riƙa yi masa shi kaɗai. Ya girgiza kai, ya ce in ya daina zuwa gari zai ce ya ƙi gidan surukinsa, Alhaji kuma zai ji ba daɗi. Ni ma na san ko ya yarda ba ta ɓulle ba. Ya saba da muryata, Ingilishina na aji ne, a hankali, a wanke. Abin da za a gwada shi a kai shi ne ya ji baƙuwar murya cikin ƙara, ya ba ta umarni, in ta yi kuskure ya tsayar da ita. Wato daidai abin da ya kasa.

Na rasa dabara, sai na tafi wurin Alhaji da kaina. Na same shi a garejinsa, kansa cikin injin kamyo. Na kwashe duka na gaya masa, har da takardar da na ƙona. Ya goge hannu da tsumma ya dube ni. Ashe shi ma a takure yake tun ranar farko. Ya ɗauka wata hikima ce ta Gwalkwas, shi ya sa bai tsoma baki ba. Ya ce in bayyana masa aikin da yaron ke nema dalla-dalla. Na ce mutum ne zaune a ɗaki, yana magana da matuƙin da ba ya gani, yana gaya masa ta inda zai sauko da lokacin da zai tashi. Matuƙi ya maimaita umarnin, in ya maimaita ba daidai ba a gyara masa nan take, in ba haka ba a rasa rayuka.

Ya ce, "Ba ya ganin shi?"

Na ce ba ya gani.

Sai ya shiga cikin tarkacensa ya jawo wani dogon tiyo na roba da mazurari biyu na zuba mai. Ya sa aka wanke su da toka. A bangon da ya raba zaure da tsakar gida akwai 'yar kafa ta shan iska, ta nan ya zura tiyon, mazurari ɗaya a zaure, ɗaya a ciki. Da ɗalibai suka taru bayan la'asar, bai shigo ba. Ya tsaya daga bakin ƙofar cikin gida, ya yi magana da ni, amma don kunnen wani.

"Mushe, ka gaya ma ɗalibinka, a Hausa ɗiyata na ba shi, dole ya sunkuya. A Ingilishi ban ba shi kowa ba. Wanda zai ji ta cikin abin ga matuƙi ne, bai san shi ba."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya warware. Ranar farko durƙusawa Silimanu ya yi gaban mazurarin kamar mai gaisuwa, yana raɗa. Alhaji ya yi ta ihu daga ciki cewa ba ya ji. Rana ta biyu ya sa aka tada injin kamyo a ƙofar gida don a sami ƙara, dole Silimanu ya ɗaga murya. A hankali ya fara ba da umarni, ya faɗi iska, ya faɗi tsawo, ya faɗi ta inda za a sauko, da Ingilishinsa mai tsabta da na sani. Na fara yaga katuna. Amma abu ɗaya ya ƙi. In matuƙi ya maimaita ba daidai ba, sai Silimanu ya yi kamar bai ji ba, ya wuce gaba. Na yi magana har na gaji. Kwana goma muna haka.

Ranar da abin ya faru ban san Alhaji ya shirya komai ba. Matuƙi ya kira ya ce yana tafe daga Dirku da mutane a ciki, yana neman sauka. Silimanu ya ce masa ya riƙe tsawonsa, ya zagayo ta kudu, don akwai duwatsu ta arewa. Matuƙi ya maimaita cewa zai sauko ta arewa. Silimanu ya yi shiru. Matuƙi ya ce ya fara yin ƙasa. Shiru. Ya ce ya ƙara yin ƙasa, akwai mata da yara a jirgin. Na ga gumi na bin wuyan Silimanu. Duk zauren ba mai motsi. Na buɗe baki zan sa baki, na tuna Tica Mensa, na rufe. Can matuƙi ya ce yana ganin dutse a gabansa, tunda ba a ce masa komai ba zai ci gaba.

Silimanu ya miƙe tsaye da mazurarin a hannu. Da muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba ya ce a'a, ka yi kuskure, ka yi sama yanzu, ka juya kudu, ka maimaita abin da na ce. Matuƙi ya maimaita, ya sake karkata rabin maganar. Silimanu ya ce ba haka ba ne, sake. Sai a karo na uku ya karɓa. Ya saukar da jirgin nan lafiya, ya aje mazurari a hankali, ya fita daga zauren bai yi wa kowa sallama ba, takalmansa ma sai wani ya bi shi da su. Daga bayan bango muka ji Alhaji yana dariya yana tari. Yaya Mariyama ta ce mini Zainabu ta ce ranar bai iya cin abinci ba, yana ta tambayarta ko Baba ya yi fushi.

Washegari ya dawo. Sauran makonnin nan aiki muka yi irin na gaske, aikin bita da kuke cewa hutu ne. Da farko rabin awa na katuna, aikatau masu taurin kai da ƙananan kalmomi, ina jefa masa yana cafewa. Sai karatun duk guntun jaridar da aka samu, ya faɗi abin da ya karanta da kalmominsa ba na jaridar ba. Sai tiyo. Alhaji ya zama matuƙi kala-kala, yau mai hanci, gobe mai sauri, gata mai gardama, har sauran ɗalibai suka riƙa layi su ma a ba su mazurari. A wajen zaure kuwa ba abin da ya sake. In suka haɗu a hanya Silimanu zai tuɓe takalmi ya durƙusa, Alhaji ya amsa yana kallon wani wuri. Na rubuta sabuwar takarda na kai wa shugabansu da hannuna.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Kafin ka ɗauki jan fensir ka ce mutum bai iya ba, ka san wa ke zaune kusa da shi. Nahawu na cikin littafi, kowa zai iya buɗewa. Abin da ya hana shi fita daga bakin ɗalibinka ba a littafi yake ba, kuma ba zai gaya maka ba. Kuna da kaset, kuna da fotokopi, mu ba mu da su, amma wannan aikin ba injin da zai yi muku.

Silimanu ya tafi Yamai da hanya ta buɗe. Ya ci konkur, aka tura shi horo, ya dawo aka ba shi ɗakin rediyo na filin jirginmu. Bai iya zuwa ya gaya wa Alhaji da bakinsa ba, Zainabu ya aika.

Bayan wasu shekaru idon Alhaji ya fara yana, aka ce sai Yamai za a yi masa aiki. Akwai wasu masu neman mai a Kawar da kamyonsa ke kai wa kaya, suka ce ya bi ƙaramin jirginsu. Matuƙin Ingilishi kawai yake ji, da ya ga tsoho na jin harshen sai ya zaunar da shi kusa da shi, ya sa masa abin saurare a kunne. Da Alhaji ya dawo na je gaishe shi, ido ɗaya a rufe da auduga. Ban gama tambayar jiki ba ya kamo hannuna. Ya ce suna bakin fili, inji na ruri, matuƙi ya nemi izinin tashi, sai ya ji muryar da ya sani ta cika masa kunne, tana cewa a'a, a dakata, akwai wani jirgi na saukowa.

Ya ce, "Mushe, mijin ɗiyata ya ce ma Nasara ya tsaya. Kuma wallahi ya tsaya."